Ranar da Jar Motar Kawu Ta Ɗauki Surukinsa

Da ƙarfe bakwai da minti ashirin na safe abin ya fara lalacewa. Na san lokacin ne don akwai ɗan agogo a gaban motar, kusa da sitiyari, kuma tun da muka bar ƙofar gidanmu a Kurfi idona na bisa shi. Ƙarfe tara za a rufe ƙofar ɗakin jarrabawa a Dutsin-Ma. Jarrabawar shiga makarantar horon malamai mata ce, sau ɗaya ake yin ta a shekara, kuma hedimastanmu ya riga ya faɗa mana cewa wadda ta iske ƙofa a rufe sai ta juya gida. Ni kuwa ina ajin ƙarshe na firamare, ba ni da wata baɗi.

Sauran 'yan matan ajinmu tun jiya suka tafi a lori, suka kwana gidajen dangi. Ni ma da haka aka shirya. Kawu ne, ƙanen Innata, ya shigo da yamma ya iske ina ƙulle kayana a ɗankwali.

Ya ce, "Mi za ki je ki yi gidan mutane, sauro ya cinye ki? Kwanta ɗakin uwarki. Gobe ni zan kai ki. Kafin ki gama feƙe fensir mun isa."

Inna ta ce, "Da wannan abin naka?"

"Yaya, mota ce fa."

"Haka na ji ana cewa."

Kawu malamin gona ne, saurayin mutum mai son dariya, bai daɗe da aure ba. Motar kuwa wajen wani Bature mai aikin haƙar rijiyoyi ya saye ta, lokacin da Baturen zai koma ƙasarsu bayan samun mulkin kai. Ja ce wur, gajera ƙwarai, in babban mutum ya tsaya kusa da ita da ƙyar take kai mashi ƙugu. Gabanta dogo kamar kwalekwale, kujerunta biyu kacal, ba ta da rufi sai wani tamfol da ake jawowa in hadari ya taso. Bayan kujerun akwai ɗan dandamali, inda aka ce Baturen yake aje karensa.

Ba don zuwa aiki Baturen ya aje ta ba, yana da kitika, motar ɗaukar kaya, ta wannan. Tsere yake yi da ita. Akwai wani fako a bayan gari, shimfiɗaɗɗe, ko ciyawa ba ta fitowa, nan shi da abokansa suke jera duro su yi ta kewaya su da gudu. Da ya tafi, Kawu ya gaji motar, ya gaji fakon, har da duron. Ran Juma'a bayan La'asar yakan je shi kaɗai ya yi ta kewayawa, mutane na zaune a gefe suna kallo suna cin gyaɗa.

Sau ɗaya ya ɗauke ni a can, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. A bisa fakon nan motar ba ta da aibi. Kukanta yakan daidaita ya zama murya ɗaya, in ta zo kwana sai ta lafe da ƙasa kamar kyanwa, iska na cika maka baki har ba ka iya magana. Da na sauko sai na so a ƙara.

A cikin gari kuwa wata halitta ce daban. Ba ta ɗaukar buhun gero. Matar Kawu ta shiga sau ɗaya, ta ce zama a ciki kamar zama cikin kwando ne, ba ta ƙara ba. Babban ciwonta shi ne ba ta son tafiya a hankali. In aka daɗe ana lallaɓa ta, sai fulogoginta su yi baƙi da hayaƙi, ta fara tari, ta yi atishawa biyu, ta mutu. Sai Kawu ya buɗe gabanta, ya kwance su, ya goge su da burushin waya, yana yi yana ba ta haƙuri.

Duk na san wannan. Amma ni yarinya ce mai yarda da lissafi. Na zauna na raba nisan hanya da gudun motar kamar yadda aka koya mana a aji, na ga ko rabin gudunta ta yi za mu isa da sauran lokaci mai yawa. Na kwance ƙullina. Da safe na ɗauki fensirorina da magogi da rula, na naɗe su a hankici, na ɗaura sabon zanena, na shiga kujerar da ke kusa da Kawu.

Lissafina bai sa tsohon da ke zaune gindin tsamiya a bakin gari ba.

Kawu ne ya fara hango shi. Na ji ya ce "Innalillahi" can ƙasa-ƙasa, ya ɗaga ƙafa daga totur. Surukinsa ne, mahaifin matarsa, dattijon Wurma mai farin gemu da rawani, yana zaune bisa buzu yana jiran lorin Dutsin-Ma. A gefensa akwai wata babbar ƙwarya rufe da faifai.

Ba a wuce suruki a hanya. Ko kana bisa keke sai ka sauka, balle a jar mota da kowa a ƙasar ya san mai ita. Kawu ya tsaya tun daga nesa, ya fito, ya tuɓe takalma, ya je ya durƙusa. Na bi shi na durƙusa a bayansa. Aka gaisa: gida, iyali, ruwan da aka yi shekaranjiya, shuka, shanu, gajiyar hanya, sannan aka sake komawa gida da iyali. Kawu kansa na sunkuye, muryarsa ta koma ta wani mutum da ban sani ba.

Tsohon ba ya kiran sunan Kawu, Malam yake ce mashi. Ya ce Dutsin-Ma za shi, duba wata ɗiyarsa da ta haihu, ga ƙwan zabi nan zai kai mata.

Kawu ya ce, "Ai mu ma can muka nufa, Baba. In ba za a takura ba."

Na tabbata ya zaci tsohon zai ce a'a. Mutum ne da bai taɓa yarda da komai mai inji ba sai injin niƙa da lorin kasuwa. Amma ya dubi motar sama da ƙasa, ya naɗe buzunsa, ya ce, "To, bari mu ga abin da ake ta ba mu labari."

Haka na koma wurin karen Bature, gwiwoyina a haɓata, ƙwaryar ƙwai a rungume. An jera ƙwan cikin ƙaiƙayi. Tsohon ya shiga kujerata da ƙyar, sai da Kawu ya tattara mashi babbar rigarsa ya cusa ta ciki kafin ƙofa ta rufu.

Ya waiwayo ya dube ni. "Af, ashe da matata ake tafiyar. Ke, ba ki murna da ganin mijinki?"

Wasan kaka da jika ne. Duk tsohon da ya kai sa'an kakanka yana da ikon ya tsokane ka, kai ma kana da ikon ka rama, ba wanda zai ce ka yi rashin kunya. Sauran yara har jira suke su gamu da shi su ce mashi tsoho mai ran ƙarfe. Ni ban taɓa ramawa ba. Ko a aji, in na san amsa, sai in rubuta ta a tafin hannuna in yi shiru. Na sunkuyar da kai na dubi ƙwai.

"Kurma aka aura mani," in ji shi. "Malam, mu tafi. A hankali dai, ƙashina ba na yaro ba ne."

Ranar kasuwar Dutsin-Ma ce, hanya cike da mutane: masu jakuna, masu kora awaki, mata da ƙoren nono, masu keke da kaji a rataye. Kuma babu wanda tsohon nan bai sani ba. In bai san mutum ba ya san ubansa. Da ya hango wani sai ya bubbuga ƙofar motar da tafin hannu, Kawu ya taka burki.

"Salamu alaikum, Sarkin Noma. Ina kwana? Ina gajiya? Ya mai jiki?"

Shi kuma wancan sai ya matso, ya dafa motar, ya yi mamakin ganin tsohon a ciki, a yi dariya, a tambayi wanda ya rasu da wanda ya yi aure. Muka tsaya wa wani Bafulatani da suka yi kiwo tare suna samari, suka gaisa rabi da Hausa rabi da Fulatanci. Muka tsaya wa wani malami daga Rawayau, aka ɗaga hannu aka yi addu'a. Akwai jakin da muka wuce shi, ya wuce mu, muka sake wuce shi, har mai shi ya daina ɗaga mana hannu.

Motar ta fara tari. Kawu yana ɗan taka mata totur a ɓoye in an tsaya, don ta share maƙogwaro, sai tsohon ya ce, "Malam, sa abin nan ya yi shiru, ba na jin abin da mutumin nan ke faɗa." Kawu ya ɗaga ƙafa. Ba mu yi nisa ba ta yi atishawarta biyu ta mutu a tsakiyar hanya.

Kawu ya fita da burushinsa. Tsohon ya samu damar gaisawa da wasu mutum uku a natse. Ni kuwa ina leƙen agogo ta tsakanin kujeru. Takwas ta wuce, ba mu ci rabin hanya ba.

Da aka tashi, Kawu ya dube ni ta madubi. Gumi ya jiƙa mashi hula. Na gane abin da idonsa ke cewa: ba zai iya ba. Yaya mutum zai buɗe baki ya ce wa uban matarsa ya rage gaisuwa? Ko abinci ba ya iya ci a gabansa. Tun a gindin tsamiya ya kamata ya ce sauri muke, amma a can faɗin haka daidai yake da cewa kada ka shigo. Yanzu kuma kowace tsayawa ta ƙara wa maganar nauyi. Da za a bar shi, da sai mu isa Dutsin-Ma da azahar, ya yi ta ba ni haƙuri har ƙarshen rayuwarsa.

Tsohon ya sake ɗaga hannu zai bubbuga ƙofa. Wani mai tallan igiya ya hango.

Na tuna 'yan ajinmu, wataƙila yanzu suna tsaye a layi a bakin ƙofa. Na ƙanƙame ƙwaryar, na ce, da muryar da ni kaina da ƙyar na ji ta, "Kaka, ni dai na fasa auren."

Hannunsa ya tsaya a sama. Ya juyo gaba ɗaya, har rawaninsa ya goge ni. "Ashe tana magana. Don mi kika fasa?"

"Mijin da ko kututture ya gani sai ya tsaya sun gaisa, yaushe zai kai ni ko'ina?"

Na ga kafaɗun Kawu sun sandare. Tsohon kuwa ya yi dariya har ya ƙware, ya yi tari tare da motar.

"To, uwar gida, ina kike sauri haka? Wani saurayi ke jiranki a kasuwa?"

"Jarrabawa gare ni. Ƙarfe tara za a rufe ƙofa. In an rufe, shi ke nan, ba sauran karatu."

Dariyar ta tsaya. Ya dubi agogon, ko da yake ban tsammanin ya iya karanta shi, sannan ya dubi Kawu.

"Malam, gaskiya ne?"

"Haka ne, Baba."

"Kuma ka bar ni ina ta tambayar lafiyar akuyoyin mutane?"

Kawu ya sunkuyar da kai, tsohon ya ci gaba.

"Abin nan naka yana gudu kuwa, ko kuka kaɗai ya iya?"

"Yana ɗan taɓawa, Baba."

Tsohon ya kama jelar rawaninsa ya cusa a wuyan riga, ya dafe ƙofa da hannu ɗaya. "To, taɓa mu gani."

Da farko ta yi gardama, ta yi ta fizga tana zubar da baƙin hayaƙi. Can sai maƙogwaronta ya washe, muryar nan ta fako ta dawo. Hanyar burji ce mai gargada, wadda tun safe take kaɗa mana haƙora, amma da gudu ya yi gudu sai na ji kamar an shafe ta. Kawu ya ɗora hannu bisa ham bai ɗaga ba. Jakuna suka yi gefe, awaki suka watse cikin gonaki, itatuwa suka zama layi ɗaya kore. Ɗankwalina ya tafi, ban ko waiwaya ba, don hannuwana biyu na kan faifan ƙwarya.

Tsohon bai daina gaisuwa ba. Duk wanda muka wuce sai ya ɗaga hannu ya ce "Salamu alai..." iska ta kwashe sauran. Daga baya ya haƙura da sallamar, ya koma cewa, "Ƙara mata, Malam. Akwai saura?" Kawu ya ce akwai. A karo na farko tun safe na ji muryarsa ta gaskiya.

Ban san iyakar gudun da muka yi ba. Na dai ga duwatsun Dutsin-Ma sun taso a gabanmu tun ban shirya ganinsu ba, na kuma fara tunanin cewa lissafina na jiya bai yi ƙarya ba.

Dab da gari akwai wani kwari inda ruwan shekaranjiya ya kwanta. Lorori sun bi ta ciki sun haƙa ramuka biyu da tayoyinsu, sun bar tudu a tsakiya. Lori yana wuce irin wannan bai ma sani ba. Jaki ma haka. Kawu ya rage gudu iyakar iyawarsa, ya sa tayoyi cikin ramukan, sai muka ji ƙuuu daga ƙarƙashinmu. Motar ta hau tudun da cikinta ta zauna, tayoyin baya suna juyawa a banza suna watsa laka. Wani dogon ƙarfe ya faɗo a bayanmu, salansa ce. Ƙwaryar ta daki haɓata, na ji sanyin ƙwai yana bin zanena.

Ana hango rufin kwanon makarantar, amma da sauran tafiya, kuma dogon hannun agogo ya kusa miƙewa.

Kawu ya fito ya shiga laka har idon sawu, yana tura motar shi kaɗai, abin da ko mutum biyar ba za su iya ba. Tsohon bai ko dube shi ba. Ya miƙe tsaye cikin motar yana duban hanya. Wani mutum ya taho bisa keke, magidanci, da kan keken ɗinki ɗaure a baya.

Tsohon ya ce, "Kai, tela. Ba kai ne ɗan mai gishirin Ɗantutture ba?"

Mutumin ya yi tsalle ya sauka, ya fara tuɓe takalmi. "Baba, ku ne a nan? Ina kwa..."

"Riƙe gaisuwarka sai ka dawo. Sauke ƙarfen nan, ka ɗauki matata ka kai ta makaranta. In aka rufe ƙofa kafin ku isa, kada ka ƙara gaishe ni."

Telan bai tambayi komai ba. Ya kwance kan keken ɗinkin, tsohon ya zauna, ya aje mashi a cinya, ni kuma na haye inda ya sauke shi. Hankicin fensirorina na cikin lalitata, na taɓa na ji shi. Mutumin nan ya tuƙa keke a tsaye tun daga kwarin har ƙofar makaranta, yana ta kaɗa ƙararrawa yana cewa a ba shi hanya, amanar tsoho ce.

Mun iske an rufe ɓangare ɗaya na ƙofar, wata malama mai tabarau tana jawo ɗayan. Ta dube ni: kai ba ɗankwali, ƙafa duk laka, gwaiduwa tun daga ƙirji har gwiwa.

Ta ce, "Jarrabawa kika zo ko tuya?"

Na ce, "Jarrabawa, Malama."

Ta matsa na wuce. Na zauna a kujerar ƙarshe ina ƙarnin ƙwai, yarinyar da ke kusa da ni ta ja tebur ɗinta gefe. Takardar farko lissafi ce. Da sakamako ya fito bayan kaka, sunana na ciki.

Da aka tashe mu bayan azahar na koma kwarin a ƙasa. 'Yan kasuwa sun taru sun ɗaga motar kamar gado sun aje ta gindin wata bedi. Kawu na kwance ƙarƙashinta yana ɗaure salansa da waya, ƙafafunsa kaɗai ake gani. Tsohon ya je ya ga mai jego ya dawo, yana zaune bisa buzunsa, wai ba zai hau lori ba, da wadda ya zo da ita zai koma.

Na faɗa masu an bar ni na shiga. Kawu ya ce alhamdulillahi daga ƙarƙashin mota. Na tsuguna kusa da ƙafafunsa. Tun ina cikin ɗakin jarrabawa abin ke cina, don na kasa yanke wa motar hukunci. Ba don gudunta ba da ban isa ba, kuma ba don ita ba da tun jiya ina Dutsin-Ma.

Na ce, "Kawu, motar nan ta hawa ce ko ta wasa?"

Ya ce, "Miƙo mani filaya."

Na miƙa mashi. "A fako ba abin da ya kai ta. A hanya kuwa jaki ya wuce mu. To mi ye amfaninta ga mutum?"

"Ke dai ba kin shiga jarrabawarki ba?"

"Da keken tela na shiga."

Kawu ya ci gaba da ɗaure wayarsa. Na san ba zai kare ta a gaban surukinsa ba, ba zai kuma kushe ta ba ko a gaban wa.

Tsohon ya gyara zama, ya shafa jan ƙarfen da tafin hannu kamar mai duba bijimi a kasuwa.

Ya ce, "Bar kawunki ya yi aikinsa, ni zan faɗa maki. Motar nan ba ta da laifi ko kaɗan, ni na hau ta na sani. Wanda ya ƙera ta dai, ya ƙera ta ne don mutumin da bai san kowa a hanya ba."